Saƙa da Warwara a Gaffati

Shekara biyu cur wata rigar sanyi tana kwance a ƙasan akwatina, ba ta zama riga ba, ba ta koma zare ba, allurai biyu soke a jikinta. Don 'yata Ummi na fara ta, ina kwaikwayon wata Baturiya a waya, ina tsayar da hoton ina mayarwa baya. Daga ƙugu zuwa ƙirji lafiya lau. Da na iso hammata, inda ake rage ido a fitar da wurin hannu, sai lissafi ya dagule mini. Na ce sai gobe, goben da ba ta zo ba har Ummi ta fi ƙarfin rigar. Da hutun makaranta na watan Disamba ya matso, mahaifina ya yi mana gori, ya ce shekara nawa rabon da wani daga gidan nan ya leƙa ƙanwarsa a Gaffati, alhali zumunta a ƙafa take. Ni kuwa na tuna cewa duk jaririn da aka haifa a danginmu, hularsa ta ulu da safarsa daga hannun Gwaggon nan suke fitowa. Na ce ni zan je. Na zaro abin kunyata na cusa shi can ƙasan jaka.

Ranar Laraba da asuba muka isa tashar Ƙofar Ruwa. Hazo ya rufe Kano, fitilun masu shayi kamar an lulluɓe su da gyale. Motar Damagaram ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi, muka yi ta zama muna rawar ɗari. A zaman nan na lura da yaran da ke yawo cikin tasha. Kusan kowanne yana da riga a jiki, amma hannuwa a waje suke, sun yi furu-furu, kowa ya rungume kafaɗunsa. Ummi ma ta cusa nata cikin hijabi. Ashe sanyin ƙasarmu a damtse da kafaɗa yake fara kama mutum.

Muka wuce duwatsun Kazaure, muka yi azahar a Daura, muka ratsa Mai'aduwa zuwa Kwangwalam. Aka duba takardu a wannan gefe, aka sake dubawa a Ɗan Barto, muka shiga Nijar. Ƙasa ɗaya, rana ɗaya, harshe ɗaya, ko agogo ba a gyarawa. Abin da ya canza shi ne rubutun allunan hanya da ya koma Faransanci, sai kuma kuɗi.

Kuɗin ne ya fara ba ni kunya. A bakin Bahaushen Nijar da dala ake ƙirge, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. Na san wannan a ka, amma hannuna bai sani ba. A Matamai mota ta tsaya, na ga rake an jingine shi kamar shinge, kauri kamar damtse, irin wanda ake nomawa a fadamun wannan yanki. Na tambayi yarinya, ta ce dala ashirin. Na miƙa mata ƙwandalar sefa ashirin da biyar ina jiran canji. Ta dube ta, ta dube ni, ta fashe da dariya ta ce, “Hajiya, ke Bakanuwa ce ko?” Sefa ɗari take nufi. Direba ya ce a bar ni, ai Bakano ko a lahira sai ya nemi ragi. Daga nan wasan ya ɓarke, don Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Wani tsoho a gaba ya tuna mini cewa dawakin Amadu Kuran Daga sun taɓa kaiwa har Gezawa a ƙarshen ƙarni na 19. Na ce sun je, amma ai ba su kwana a birni ba. Mota ta ɗauki shewa.

Tsakanin Matamai da Kance idona bai bar gonaki ba. An gama girbi, karan hatsi a kwance, amma gawo ya cika ko'ina da ɗanyen ganye, don shi da rani yake ganye, da damina ya zubar. Muna da gawo a gonakin Kano, amma ban taɓa ganinsa da yawa haka ba. Tun wajen shekarun 1980 manoman Matamai da Magarya da Mirya suka koma barin tohon da ya fito da kansa a gona, suna sassabe shi su bar ƙaƙƙarfa, har ƙasa ta sake yin inuwa. A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Diffa. Da muka zo Tirmini tsohon nan ya yi shiru, sannan ya nuna daji ya ce a nan Faransawa suka karya rundunar Damagaram a 1899. Wannan karon ban mayar masa da wasa ba.

Da magariba muka shiga Damagaram, wadda takardun gwamnati ke kira Zinder. Manyan duwatsu mulmulallu sun yi tsaye a tsakiyar gari, gidaje na raɓe da su kamar 'ya'yan kaza. A unguwar Zango muka sauka, gidan babban ɗan Gwaggo. Kafin mu gama gaisawa matarsa ta kai mana bokiti biyu na ruwan zafi banɗaki. Sai da safe na ga mai garuwa yana sauke jarkoki ana ƙirga masa kuɗi, na gane abin da aka yi mana. Garin nan ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa, saboda dutsen da yake zaune a kai. A Kano baƙo da nama ake karrama shi, a nan na ga an karrama mu da ruwa. Muka ci tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu, aka ɗora mana alkaki, wanda mutanen garin ke alfahari da shi, kuma suna da gaskiya. Da safe dogon burodin nan mai ɓawo, gadon Faransawa, da shayi mai madara.

Alhamis ce ranar babbar kasuwa, amma sai da muka fara leƙa Birni, tsohon gari, inda fadar Sarkin Damagaram take. Sarki Tanimu ne ya kewaye shi da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ayarin Ghat da Tarabulus ke sauka a Zango kafin su wuce Kano. Gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuska sun tuna mini da lungunan cikin birninmu kafin siminti ya cinye su. Garin nan shi ne hedikwatar Nijar ta Faransawa daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Daga nan muka hau kabu-kabu, wato abin da muke kira acaɓa, sai kasuwar Dole.

Gwaggo ta riga ta ba ni saƙo a waya: curi takwas, launi ɗaya, daga leda ɗaya, don ko sunan launi ɗaya ne rinin yakan bambanta. Mai shago ya ce dala tamanin-tamanin, muka daidaita a saba'in. Wannan karon na yi lissafina daidai: sefa 350 sau takwas, 2,800 ke nan. Allurai biyu masu kauri, dala ɗari. Na tambaye shi ko ulun gaske ne, ya rantse. Matar ɗan Gwaggo ta tsinki ɗan guntu, ta karɓi ashana wajen mai goro ta kunna masa. Ya narke ya dunƙule kamar leda. Ta ce da gashin tunkiya ne da ƙaurin gashi za mu ji, ya zama toka. Mai shago bai ji kunya ba, ya ce ai shi ake kira ulu a duk kasuwar. Gaskiyarsa ce. Tumakinmu, uda da balami, gashi gare su irin wanda ba ya kaɗuwa, can Masina ta ƙasar Mali kuwa akwai tumaki masu ulu da ake saƙa barguna da shi. Abin da muke saya a Kano da Damagaram zaren roba ne na masana'anta. Yana da arha, yana jure wanki, amma ba ya son wuta, abin lura ga yaran da ke jin ɗumi a bakin murhu.

Gaffati ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Mirya, tana iyaka da birnin Damagaram ta gabas, don haka tafiyar ba ta da tsawo. Ƙauyen su Gwaggo yana ɗan ciki, muka ƙarasa ta turbar rairayi tsakanin rumbuna. Tun daga nesa ta hango mu. “Maraba da ɗiyata! Ina gajiya, ina ɗari?” Na ce ɗari lokacinsa ne. Ta kama Ummi ta ce ga kishiya ta zo ƙwace mata miji, Malam, mijinta, ya ce ai tuni ya saki tsohuwa. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, aka yanka zabo. Har dare maƙwabta na shigowa gaisuwa, wata da kwanon dambu da zogale, wata da ƙwai biyar a haɓar zane. Kwana goma muka yi, ban ga ranar da tukunyar Gwaggo kaɗai ta ciyar da mu ba.

Washegari bayan hantsi na fito da rigar. Gwaggo ta juya ta ciki da bai, ta ja nan, ta ja can. Ta ce hannuna ba shi da laifi, zarina ne ya yi yawa. “Da rarrafe yaro kan tashi. Wa ya ce ki fara da riga mai wuya da hammata?” Kafin in buɗe baki ta zare alluran, ta miƙa wa Ummi bakin zaren ta ce ja. Ina kallo aikin wata uku ya bi iska, layi bayan layi. Ta ga fuskata ta ce, “Tela in ya yanka ya yanka. Mu namu zare ba ya mutuwa.” Ta naɗe shi daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu, ta tsoma a ruwan ɗumi, ta rataya a inuwa da dutse a ƙasa don ya miƙe daga lanƙwasar da ya yi.

Sannan ta kira Ummi ta ce ta ware hannuwa kamar mai shanya zane. Ta ja igiya daga wuyan hannu na dama, ta bayan kafaɗa, zuwa wuyan hannu na hagu, ta ƙulla. Wannan ne tsawo, gaban mai rigar in an cire tafuka. Faɗi kuwa taƙinta biyu. Ni da na zo da awon tela a jaka na gwada: tsawo santimita 105, faɗi 40. Ta ce abin da za mu saƙa ke nan, ƙyalle guda miƙaƙƙe, babu ragi babu ƙari. In ya kammala a ninka shi a tsawonsa, a ɗinke daga kowane baki zuwa hammata, a bar tsakiya a buɗe. Bakin nan biyu su ne hannuwa, tsakiyar ta kwanta a gadon baya da kafaɗa. Babu wuya, babu maɓalli, babu gaban riga. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, a haka aka fara koya musu a gidan koyar da mata sana'a a Damagaram zamanin Seyni Kunce, lokacin Malam yana aiki a birni.

Malam da ke gyara igiyar guga a gefe ya sa baki. Ya ce mahaifinsa masaƙi ne, kuma wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Masaƙi siririn ƙyalle yake fitarwa dogo, a jera, a haɗa, ya zama gwado ko luru ko babbar riga. Tufafin dauri ba su san almakashi sosai ba. Na yi ta juya maganar a raina. Kalma ɗaya muke da ita, saƙa, ga mai ƙoshiya da mai tabarma da mai kwarashi da mai allura biyu. Na tsallaka teku ta waya neman abin da ke rataye a kafaɗar kakana.

Kafin a fara Gwaggo ta sa na yi gwaji. Zaren kasuwa siriri ne, don haka muka haɗa biyu. Na ɗora ido ashirin, na saƙa kamar faɗin tafin hannu, muka auna: ido goma sha biyar a santimita goma. Faɗi arba'in ke nan ido sittin. Ta ce kada in taɓa aron lissafin wata, don hannun kowa da tsaurinsa, wata tana matsewa wata tana sakewa. Bakin hannu muka fara, da tsohon zaren nan shuɗi da ya bushe: ido biyu ta fuska, biyu ta bai, har faɗin yatsa huɗu. Wannan saƙar ce ke tsukewa ta kama wuyan hannu, iska ba ta shiga. Daga nan muka ɗaura sabon zare ruwan toka, aka koma saƙa iri ɗaya tak, ta fuska a tafi, ta fuska a dawo. Soka allura, zagaya zare, jawo, zare tsohon ido. Irin wannan saƙar ba ta nannaɗewa a gefe, kuma tana da kauri.

Kwana biyu ina murna, aiki ya kai kamu guda. Rana ta uku Gwaggo ta shimfiɗa shi a tabarma, sai ga shi ya buɗe kamar bakin ƙaho. Ta ce in ƙirga. Sittin da takwas. Na rantse ban ƙara ko ɗaya ba. Ta ce in fara sabon layi tana kallo. Ashe duk juyawar da zan yi sai in ɗaga zaren ta saman allura, idon farko ya baje ƙafafunsa biyu, ni kuwa in ɗauka ido biyu ne in saƙa kowanne. Ta nuna mini yadda zan saukar da zaren ƙasa kafin in soka. Na roƙe ta mu bar shi haka, wa zai lura? Ta ce Ummi za ta lura, ranar da hannu ɗaya ya fi ɗaya. Muka warware taƙi guda. Tun daga ranar ba na wuce layi biyar ban ƙirga ba.

Da la'asar tsakar gidan kan cika. 'Yan mata uku na maƙwabta suna koyo da tsinken tsintsiya, wata kuma da wayar ƙafar keke da aka goge bakinta a dutse. A nan na kawo maganar da ke cina. Na ce Gwaggo, zaren nan da allura sun ci jika uku da ɗoriya, ga shi a Dole na ga rigar sanyin yara ta gwanjo jika ɗaya da rabi. Ina ribar? Ba ta musa ba. Ta ce gwanjo ne ya kashe kasuwar manyan riguna, shi ya sa masu saƙa suka koma kayan jarirai na suna, hula da safa da 'yar riga, waɗanda har yau ake nema. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata ƙatuwar suwaita ta maza, gwiwar hannu a yage, ta ce dala sittin ta saye ta don ba mai so. Ta juya ta ta nuna mini haɗin gefe. In an saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa, zare zai fito dogo har ƙarshe. In kuwa yanka aka yi aka bi da keke, guntu-guntu za a samu, kada a saya. Wannan ɗaya, in ji ta, za ta rufe kafaɗun jikoki biyu. Wato gwanjon da ya karya ta shi ta mayar kantin zarenta.

Dare a Gaffati ya fi na Kano sanyi, don babu bene babu hayaƙin mota da za su tare iska. Bayan isha'i akan hura gawayi, samari su ɗora shayi, na fari mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi. Ni ina gefe da fitilar sola ina fama har yatsu su ƙage. Abin da ya riƙa ba ni mamaki, kullum da safe sai in ga aikin ya fi yadda na bar shi. Na yi shiru har rana ta shida, da na ɗaga shi a hasken rana. Wani wuri ido ya jeru kamar haƙoran masara, wani wuri kuwa wannan babba wannan ƙarami. Na dubi Gwaggo, ta ce ita ba ta san komai ba, wataƙila aljanun Gaffati ne ke tausayin Kanawa.

Rana ta tara muka gwada da igiyar awo. Saura yatsa uku a kai inda za a fara bakin hannu na biyu, ta ce in tsaya a nan, irin wannan saƙa tana miƙewa in ta ji nauyin jiki. Muka ɗaura shuɗi, biyu ta fuska biyu ta bai, sannan ta koya mini rufe baki sako-sako don hannu ya samu shiga. Muka ninka, muka ɗora a bayan Ummi, aka sa alama da tsinke a hammata biyu. Santimita 33 daga kowane gefe na ɗinke da basilla da zaren kansa, tsakiya ya rage kusan arba'in. Ummi ta zura hannu ɗaya, ta zura ɗaya, ta girgiza kafaɗa, abin ya zauna. Ba ta jira an yaba ba ta ruga waje. Kafin magariba mata biyu sun aiko a ara musu igiyar awo.

Ranar tafiya aka tara mana tsaraba har na rasa inda zan sa: tiya biyar ta hatsi, garin kuka, wake, da ɗan tulu na Mirya, garin da ya yi suna da ginin tukwane. Na ba Gwaggo atamfa da turaren da mahaifina ya aiko, na ɗan dunƙula mata kuɗi ta ture hannuna. Abin da ta karɓa shi ne ragowar curi ɗaya da rabi, ta ce na 'yan tsinken tsintsiya ne. Ita kuma ta ba ni igiyar nan mai ƙulli. Ta ce baɗi in sake auna yarinyar, in ƙara ƙulli, in warware bakin hannu in ƙara tsawo.

A Kwangwalam, muna zaune a mota ana jiran direba, wata mata mai goyo ta yi ta kallon Ummi. Can ta kai hannu ta taɓa, ta ce a wane kanti na saya, nawa? Ummi ta riga ni, ta ce Umma ce ta saƙa, da aljanun Gaffati. Matar ta ce ita kam ta taɓa gwadawa, hammata ce ta kore ta. Na ce ta kira babbar 'yarta da ke kujerar baya. Na laluba jaka na ciro igiya, na ce wa yarinyar ta ware hannuwa.